Finjali a Kan Yashi

Motar Alƙahira takan sauke baƙi a bakin titi da hantsi, ƙafafu a kumbure, idanu jawur, kowa da jakarsa a baya. Daga nan sai su gangaro ta kan tsakuwa zuwa bukkokin Suwailim, guda goma sha ɗaya, jere a bakin teku arewa da garin Nuwaiba. Ba fanka, ba makulli, sai katifa a ƙasa da gidan sauro. Abin da mutum zai kashe a nan kwana uku bai isa karin kumallo ɗaya a manyan otal-otal na birnin Sharm ba, shi ya sa masu zuwa suke zuwa: ɗalibai, sababbin ma'aurata da biki ya tatse, da Turawan da suka shekara suna yawon duniya da wando ɗaya. Da sun hango ruwan sai gajiya ta sake su. Wani ko gaisuwa ba ya tsayawa yi, zai yar da jaka ya faɗa ciki da kayan jikinsa. Mu da aka haifa a wurin har yau ba mu gane abin da ke sa mai hankali ya bar inuwa ya kwanta a rana yana gasa bayansa ba, amma mun daina tambaya.

Suwailim dattijo ne dogo, marar yawan magana, sai dai in an zo kan kyauta bakinsa yakan riga kansa. Kowa Abu Farraj yake kiransa, da sunan ɗansa ɗaya tilo namiji. Farraj ya rasu shekara shida da suka wuce, amma ba a canza wa mutum suna don ɗansa ya mutu, saboda haka duk wanda ya gaishe shi sai ya taɓa masa ciwon, shi kuma ya amsa da fara'a.

Ranar wata Juma'a da safe dattawan unguwa suka taru a rumfarsa kamar yadda suka saba. Ya soya gahawa da kansa, ya daka, ya ɗora buta a garwashi. Yana cikin zubawa sai ga wani baƙo ya leƙo, gajere mai tumbi, da hular rana da sabon silifa. Ustaz Lutfi ke nan, tsohon ma'aikacin gidan waya daga Damanhur, wanda ya sauka jiya da matarsa Hajja Insaf, da jakar dafaffen ƙwai da cuku don kada su sayi abinci a hanya. Ruwan zafi ya zo nema. Amma wanda ya sa ƙafa a rumfa ana zuba gahawa ya zama baƙon buta, dole ya zauna.

Suwailim ya miƙa masa finjali da hannun dama. Ustaz Lutfi ya karɓa, ya yi godiya, ya dubi abin da ke ciki, ya yi murmushi. Sai ya ajiye shi a kan yashi a gabansa, bai kai baki ba.

Idon kowa ya koma kan finjalin.

A wajenmu baƙo ba ya ajiye finjali da gahawa a ciki sai in ya zo da buƙata mai nauyi, neman aure ko neman sulhu ko neman mafaka, kuma ba zai sha ba sai mai gida ya amsa masa. Masu taka-tsantsan sukan ce, faɗi mu ji, in yana hannunmu. Mahaifin Suwailim bai taɓa tambayar kowa ba har ya koma ga Allah, ana kuma ba da labarinsa a kan haka har gobe. Shi Suwailim kuwa ya fi son a yanke masa hannu da a ce ya kasa uban.

"Sha gahawarka, ya Ustaz," in ji Suwailim. "Abin da ya kawo ka, ka samu."

Ustaz Lutfi ya waiga hagu da dama. "Abin da ya kawo ni? Ai mota ce ta kawo ni, ya Shaihi. Awa tara, bayana duk ya sage."

Musallam, wan matar Suwailim, shi ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Da aka yi wa baƙon bayani sai ya kama kai da hannu biyu.

"Innalillahi! Wallahi likita ne ya hana ni, zuciya ce ke damuna. Kunyar mayar maka da hannu na ji, na ce bari in ajiye a hankali ba wanda zai lura. Ashe gari guda na tasa!"

"Shi ke nan, magana ta mutu," in ji Musallam yana share hawaye. "Mutumin bakin Nilu ne, ina ya san wannan? Su ai shayi suke sha a kofin gilashi suna faɗa da rediyo."

"Shi bai sani ba," in ji Suwailim. "Ni na sani, ku kuma kun ji. Faɗi buƙatarka, ya Ustaz."

"Ba ni da wata buƙata, Allah ya gani."

"Nemo."

Dariya ta lafa, don duk wanda ke wurin ya san wannan muryar. Ustaz Lutfi ya shiga rarraba ido, a fili yake neman abu mafi ƙanƙanta yake yi don ya fitar da mai gida daga kunya ba tare da ya ɗora masa nauyi ba.

"Da ƙarin matashin kai zan ce, amma na ga fuskarka, kada ka ce na raina ka." Sai idonsa ya haska. "Yauwa! Ga ɗan jirgin nan naka shuɗi da ke kife a bayan bukkoki. Ka ɗauki Hajja a ciki, kai da kanka, ka nuna mata kifayen nan masu launi. Tun muna sababbin aure ta ga hotonsu a kalandar ofishinmu, na ce zan kawo ta. Shekara talatin da huɗu ke nan, ya Shaihi, kullum sai baɗi. Yanzu na kawo ta, ga gwiwa ta ƙi, ba ta iya iyo ba, jiya wuni ta yi a zaune tana kallon yara suna shiga suna fitowa suna ba da labari. Rabin awa ma ya isa."

Ya ɗauki finjalin cikin jin daɗin ya sami mafita. "Likita ba ya nan," ya ce, ya shanye.

Ba wanda ya dubi Suwailim. Wani dattijo ya hau gyara igiyar rawaninsa, wani ya tsura wa garwashi ido.

"Gobe da safe, kafin iska ta tashi," in ji Suwailim.

Jirgin Farraj ne. A cikinsa uba da ɗa suke kai baƙi bakin duwatsun murjani, inda ruwa mai haske yake ƙarewa, ƙasa ta yanke ta zurma. Wata safiya ƙugiyar da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgin ta maƙale a dutse, Farraj ya ja numfashi ya nutsa don ya cire ta, abin da ya yi sau ɗari. Suwailim yana riƙe da igiya. Igiyar ta saki, ƙugiya ta taho, yaron bai taho ba. Kwana huɗu masu nutso suna nema, ba a sami ko rigarsa ba. A rana ta biyar Suwailim ya ja jirgin ya kife shi, ya ɗora hannunsa a kan matarsa Sabha, ya rantse mata ba zai ƙara sa shi a ruwa ba. Kowace shekara yakan shafa masa fenti ya rufe shi da ganyen dabino, wai don kada rana ta cinye shi. Fentin nan ne ya ja idon baƙo.

Da rumfa ta watse Musallam ya tsaya.

"Kai dai Allah ya shirye ka, Abu Farraj. Mutum ya ajiye kofi don zuciyarsa, kai ka ɗauki taka ka ba shi. To, ga shawara. In karɓo jirgin maƙwabta, wani ya tuƙa, ita dai kifi take son gani."

"Jirgin wa ya ce?"

"Haba, ai bai san..."

"Jirgin wa ya ce, kuma wa ya ce ya tuƙa? Kunnenka ya ji."

"To bari in gaya masa gaskiya. Mutumin kirki ne, da kansa zai janye."

"Ya riga ya sha. In ya janye, an ce baƙo ya tausaya wa Suwailim ya yafe masa maganarsa. Wallahi in ka buɗe masa baki, ni da kai sai a lahira."

"To ƙanwata fa? Ita rantsuwarta ba magana ba ce, don ba a rumfa aka yi ta ba?"

Suwailim ya hau tattara finjalai. Maganarsa biyu ce a waje, kuma ba yadda za a yi ya cika ɗaya bai karya ɗaya ba.

Sabha 'yar baffansa ce, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Tun rasuwar Farraj ta ɗauke murhunta daga gaban gida ta mayar da shi bayan bukkoki, inda in ta zauna dutse take fuskanta. Ta daina zuwa tsintar kifin gaɓa da mata, ta daina kai wa baƙi sarƙoƙin duwatsu a bakin ruwa. Mutum ya zauna taku arba'in daga teku ya shekara shida bai dube shi ba, wannan sai Sabha. Suwailim ya same ta bayan sallar Juma'a tana gasa gurasa a bayan kifaffen kaskon ƙarfe, tana juya ƙullin daga hannu zuwa hannu har ya yi fayau. Ba ta ɗago ba, ya kuwa san labari ya riga shi zuwa.

"'Yar baffa."

"Na ji."

"Na zo ki ji daga bakina."

"Bakin naka ai shi ya kawo mu nan." Ta shimfiɗa gurasar, ta ɗaga, ta juya. "Wa ka fara yi wa alkawari, ni ko mai silifa?"

"Ke."

"To me ya rage?"

Ya tsuguna nesa da wutar kaɗan. "Ba abin da ya rage. In kin ce a'a, a'a ce. Gobe zan tara waɗanda suka ji, in gaya masa a gabansu na kasa, in kife butata. Ba zan ƙara zuba wa kowa gahawa ba, shi ke nan. Ba mutuwa ba ce."

Ta dube shi a karo na farko. Ta san ƙarya yake yi, a wajensa mutuwa ce, sai dai ba mai likkafani ba. Shi ma ya san abin da yake nema a wajenta ya fi ƙarfin a nema, shi ya sa bai nema ba.

Suna haka sai ga Hajja Insaf ta zagayo tana dogara sanda, mace mai jiki, fuska cike da fara'a, da ƙaramin kwalba a hannu.

"Salamu alaikum, masu gida! Ƙamshi ne ya jawo ni. Ke ce uwargidan? Allah ya bar miki mijin nan naki, 'yar'uwa, ɗan halak ne. Tun da Lutfi ya gaya mini na kasa zama. Ungo, lemon tsami ne na jiƙa da hannuna, ba yawa." Ta sauke jiki a kan dutse da ƙyar. "Mu fa ba masu yawo ba ne. Maƙwabta suka ce, ku da kuɗin fansho ina ku ina bakin teku? Na ce ai Allah bai sa wa ruwansa ƙofa ba, ko a kan tabarma ne zan kwana. Yara nawa gare ki?"

"Mata uku, duk suna ɗakunansu," in ji Sabha. "Da namiji ɗaya."

"Masha Allah. Yana ina?"

"Yana nan kusa."

"Allah ya raya. Mu bai ba mu ba. Lutfi ne ɗana, ni ce 'yarsa, haka muka tsufa muna rainon juna." Ta yi dariya, ta karɓi gurasa mai zafi, ta yi ta santi, ta tashi ta tafi.

Suwailim ya jira. Sabha ta ɗauki wani ƙullin.

"Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini iska," ta ce.

Bai sami amsar da ta wuce wannan ba har gari ya waye. Da ya idar da sallar asuba ya sa farar rigarsa, ya aika a kira Musallam da dattawa, don ya ɗauki shirunta a matsayin a'a, kuma bai ga laifinta ba. Ya bi ta bayan bukkoki don kada ya haɗu da baƙon tun lokaci bai yi ba. A nan ya tarar an kwashe ganyen dabinon an tara gefe guda, Sabha na zaune a kan jirgin da baƙin mayafinta na fita unguwa.

"Rantsuwar tawa ce, ni aka yi wa," ta ce. "Na sake ka. Ka ciyar da miskinai goma, tsakaninka da Ubangijinka. Amma ba zan ƙara tsayawa a kan yashin nan ina jiran jirgin nan ya dawo ba. Da ni za a tafi."

"Sabha, ke da ko kallon..."

"Kuma can za ka kai mu."

"Akwai wurare da yawa. Nan kusa ma akwai kifi."

"Ɗan baffa, can na ce. Kowace uwa ta san inda ɗanta yake kwance, ban da ni."

Dattawan da aka kira don su ga an kife buta, su suka kama jirgin suka kai shi ruwa. Musallam ya shiga har gwiwa ya riƙe shi, aka ɗora Hajja Insaf da salati da dariya, mijinta na ba da umarnin da ba mai bi. Sabha ta tattare zanenta ta shiga, ta zauna a tsakiya, idonta a kan ƙafafunta. Musallam ya dubi ƙanwarsa, ya tura su.

Ruwan ya kwanta lumui. Duwatsun ƙetare sun yi ja da hasken safiya. Hannun Suwailim bai manta tuƙi da filafili ba, shi ne ma abin da ya fi yi masa ciwo, yadda jikinsa ya karɓi aikin da murna kamar ba abin da ya faru. A gaɓa wasu ɗalibai da suka kwana a kan yashi suka ɗago musu hannu. Ustaz Lutfi ya yi ta zuba, yana lissafa wa matarsa maƙwabtan da zai ba labari ɗaya bayan ɗaya, da wanda zai fara ƙona wa rai.

"Ya Shaihi, akwai masu cizo a ciki?"

"Ba sa cin ma'aikatan gwamnati," in ji Suwailim. Muryarsa ta fito daidai, ya yi mamaki.

Ƙarƙashinsu yashi ya ƙare, duwatsu suka fara, ruwan ya koma kore, can gaba kaɗan kuma ya yi shuɗi mai duhu kamar an ja layi. Suwailim ya san wurin ba tare da ya duba ba, ta tsinin dutsen da ke bayansa da bishiyar dabino guda da ke gaɓa. Bai kawo ƙugiya ba. Ya tsayar da jirgin da filafili, ya jawo tsohon gwangwanin masunta mai gindin gilashi, ya nuna wa Hajja Insaf yadda za ta danna shi a ruwa ta sa fuskarta a baki.

Ta leƙa. Sai ta yi shiru, wanda tun zuwanta ba a ji ta yi ba.

"Lutfi," ta ce a hankali, fuskarta na cikin gwangwanin. "Lutfi, kalandar nan ƙarya ta yi mana, ba ta faɗi rabi ba. Subhanallahi! Ga wasu 'yan ja-ja nan sun fi dubu, duk suna juyawa tare. Ga wani rawaya da baƙin ido. Kai, ga itatuwa! Wallahi itatuwa, da rassa, har da masu shunayya. Ga rana tana sauka har ƙasa, zare-zare." Ta ɗago, hawaye na bin kumatunta, tana dariya. "Na gani. Ko yau na mutu na gani."

Ustaz Lutfi ya cire tabarau yana gogewa, ya ce iskar teku ce ke sa masa ruwan ido.

Hajja Insaf ta dafa gwiwar Sabha. "Ke kam kin more, 'yar'uwa, wannan a ƙofar gidanki. Ai kin gaji da gani."

"Ban taɓa gani ba."

"Haba dai! To ungo, wallahi sai kin leƙa."

Sabha ta dubi gwangwanin. Ta sassauta mayafinta, ta matsa gefen jirgin, ta kama shi da hannu biyu yadda ta ga an yi, ta sunkuya.

Ta daɗe. Jirgin na ɗan lilo, Suwailim yana gyara shi da filafili, idonsa a kan bayanta. Yana jiran ta yi kururuwa, ko ta saki jiki ta bi ɗanta, har ya gyara ƙafarsa yadda zai cafke ta. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba tun ranar da igiya ta saki a hannunsa. Ba ta motsa ba, sai kafaɗunta da ke hawa suna sauka.

Da ta ɗago, gefen gwangwanin ya yi mata zobe a fuska. Ba ta dubi baƙin ba.

"Ɗan baffa, nan ne?"

"Nan ne."

"Shekara shida ina ganinsa a cikin duhu. Kullum in na rufe ido, duhu da laka da sanyi, shi kaɗai." Ta juyo ta dube shi. "Kai ka san haka wurin yake, da haske, da wannan duka, ka bar ni?"

Suwailim ya sunkuyar da kai. Ya sani mana, ya leƙa wurin nan sau dubu. Amma tun daga ranar shi ma bai ƙara tuna komai na wurin ba sai igiya, bai kuma taɓa tambayar ta abin da take gani ba in ta rufe ido. Hawayen da bai zubar a gaban maza ba a rana ta biyar ɗin nan suka zubo masa a gemu, hannayensa na kan filafili, ba halin sharewa.

Hajja Insaf ta sa hannu ta rufe bakinta. Ustaz Lutfi ya dubi matar, ya dubi mijin, ya dubi ruwan, sai ya cire hularsa a hankali ya riƙe a cinya.

Iska ta fara taɓa saman ruwan, lokacin komawa ya yi. Suwailim ya nitsa filafili ɗaya zai karkata.

"Riƙe jirgin," in ji Sabha, ta mayar da fuskarta cikin gwangwanin. "Kada ka juya tukuna."